Karin Gida a Teburin Jibi: Yadda Raujin Gargajiya Ya Shiga Waƙoƙin Ibadar Kiristocin Unguwannin Masana'antu na Kano

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Bompai da Sharaɗa da Challawa ya tsaya ne a kan masaƙu da majemu da injinan matse gyaɗa, da yadda suka bunƙasa, da yadda suka durƙushe. Ko littafin da Paul Lubeck ya wallafa a 1986 game da ma'aikatan masana'antun Kano, wanda ya ba addini muhimmanci ƙwarai, hankalinsa yana kan Musulmi ne, musamman almajiran da suka ajiye allo suka kama aikin inji. Wannan ba abin zargi ba ne, domin su ne mafiya rinjaye. Amma a kusa da su, a bakin inji ɗaya, akwai ma'aikatan da suka zo daga Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da ƙasar Tangale, waɗanda Hausa ce ta haɗa su da junansu, kuma da ita suke ibada ranar Lahadi. Waɗannan mutane sun iso Kano da littafin waƙoƙi a aljihu, da kuma wasu karuruwan waƙa a ka waɗanda ba a rubuta su a littafin ba. Yadda na ka suka kutsa inda a da na littafi kaɗai ke da izini shi ne abin da wannan maƙala ta sa gaba. Wurin da ya fi wuyar shiga kuwa shi ne ibadar da suke kira Jibin Ubangiji.

Jibin Ubangiji, wanda wasu ke kira Tarayya Mai Tsarki, ibada ce da Kiristoci ke yi don tunawa da cin abincin ƙarshe da littattafansu suka ce Annabi Isa (AS) ya yi da Hawariyawansa. Ana gutsura gurasa a raba, a zagaya da ƙoƙon abin sha. Ma'anar ibadar a wurinsu ta rataya ne a kan aƙidar gicciye, wadda Alƙur'ani mai girma ya kore ta a aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, saboda haka babu batun haɗuwar aƙida a nan. Sai dai mai nazarin addinai zai tuna cewa sura ta biyar ta sami sunanta ne daga teburin abincin da Hawariyawa suka roƙa a saukar musu daga sama, kamar yadda ya zo a ayoyi na 112 zuwa 115. Abin da ya shafi wannan bincike shi ne matsayin ibadar a cikin majami'a. Ita ce mafi tsaro. Wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya ci. Wanda aka sa a ƙarƙashin horo saboda wani laifi ba ya ci har sai an maido shi. A majami'un da mishan suka kafa, mai mace fiye da ɗaya ya daɗe yana zaune yana kallo ana miƙa ƙoƙo ana tsallake shi. Ibadar da ake tace masu cinta haka, ba mamaki a tace sautin da za a rera a kanta.

Littafin da ya zo da raujinsa

Tawagar farko ta mishan ɗin Angilikan ta iso Kano a 1900 ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, tare da likita Walter Miller. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su wurin zama ba, ya umarce su da su fice. Suka koma Girku, daga bisani Miller ya zauna a birnin Zariya a 1905, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta ci gaba da taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, don kada ta ɓata da sarakuna. Saboda haka Kiristancin da ya fara kafuwa a Kano na baƙi ne: ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, waɗanda suka biyo layin dogo da ya iso a 1911 aka zaunar da su a Sabon Gari. Da Yarbanci da Ibo da Turanci suke waƙa. A ɓangaren Bompai kuma, inda Turawa da kamfanoninsu suke, majami'ar St. George ta Angilikan ta kasance wurin ibadar Turawa, can kuma 'yan'uwa mata na St. Louis, waɗanda suka iso Kano a 1948, suka kafa makarantarsu.

Hausar majami'a a wani wuri aka ƙera ta. Ƙungiyar SIM, wadda aka fara a 1893, da ƙungiyar SUM, wadda Karl Kumm ya kafa a 1904, sun sami ƙofa a buɗe a tsakanin ƙabilun tsakiyar ƙasa da ba su musulunta ba. Harsuna a can sun yi yawa ainun, sai mishan suka zaɓi Hausa ta zama harshen makarantar Baibul da na wa'azi. A 1932 aka fitar da cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda Miller ya yi babban aiki a kanta, kuma masu fassara sun yi dabara wajen zaɓen kalmomi. Sun ɗauki gurasa, abincin da duk Bakano ya sani, sun ɗauki ƙoƙo, sun ɗauki jibi. Haka ma ginin majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, da ƙasa aka yi shi, bisa tsarin maginan Hausa. Kalma ta zama ta gida, gini ya zama na gida, amma da aka zo kan waƙa sai aka tsaya. Littafin Waƙoƙi da majami'un Hausa suka gada, mafi yawan abin da ke cikinsa fassara ce ta waƙoƙin Ingila da Amurka, da yawansu irin waɗanda Ira Sankey ya yaɗa a tarurrukan farkawa na ƙarni na 19, kuma kowace waƙa ta zo da raujinta na asali. Ana koyar da su ta hanyar do-re-mi a makarantun mishan, a rera su da muryoyi huɗu, in da hali a bi su da ogan.

A nan matsala ta harshe ta taso, wadda duk mai ilimin aruli zai gane ta nan take. Waƙar Turanci a kan nauyin lafazi take tafiya, wato gaɓar da aka danna da wadda aka sassauta. Waƙar Hausa kuwa a kan tsawon gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa karuruwan Larabci suka zauna mata daram tun zamanin malaman jihadi. Ban da wannan, Hausa tana bambance ma'ana da karin sauti. In aka ɗora jimlar Hausa a kan raujin da aka tsara don Turanci, sai a ja gajeren wasali, a datse dogo, a ɗaga muryar da ya kamata ta sauka. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Ita kanta kalmar jibi, karin sauti yana raba ta da jibi na bayan gobe. Mahallin magana yakan tserar da ma'ana, amma kunnen Bahaushe yana jin waƙar a matsayin baƙuwa ko da ya fahimci kowace kalma. Wani abu kuma, yawancin waƙoƙin gargajiya na wannan yanki a kan matakan murya biyar suke, na Turai kuwa bakwai, har da rabin mataki. Jama'ar majami'a sukan goge waɗannan rabin matakai ba da niyya ba, su ja waƙar a hankali, har ta koma wani abu da mai ita ba zai shaida ta da sauri ba. Ana iya cewa wannan ne matakin farko na mayar da waƙar gida, kuma ba wanda ya ba da izininsa.

Me ya sa mishan suka ƙi raujin gida? Ba jahilci kaɗai ba ne, kuma ba su kaɗai suka ƙi ba. Sababbin tuba na farko sun fi su tsanani a wasu wurare, domin su ne suka san abin da kowane kiɗa yake kira. A ƙasashen tsakiya, ganga da sarewa da ƙaho suna tafe da bukukuwan dodanni da shan burkutu. A ƙasar Hausa, garaya da goge suna tafe da bori, kalangu da mahauta da 'yan mata, kotso da taushi da kakaki da fada. Wanda ya bar tsafi jiya ba ya son ya ji sautinsa yau a wurin da ya ɗauka mafi tsarki. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga mai karatu Musulmi, domin irinta ce malaman jihadi suka kafa a kan kaɗe-kaɗen da suka tarar.

Abin da mishan ɗin ba su cika faɗa ba shi ne, littattafan nasu ma cike suke da raujin karkara. Sautin da Jamusawa ke rera shahararriyar waƙarsu ta makokin gicciye da shi, asalinsa waƙar soyayya ce ta Hans Leo Hassler da aka buga a 1601. A Ingila, Ralph Vaughan Williams ya bi ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma, ya zuba da dama daga cikinsu a littafin waƙoƙin majami'a da ya shirya sautinsa a 1906. A wannan littafi ne aka ɗora ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin Jibi a kan wani tsohon raujin gargajiya na Faransa da ake kira Picardy. Abin da ya zo Kano da sunan sauti mai tsarki, wani ɓangarensa gargajiyar wasu ce da ta tsufa har aka manta asalinta.

Kudancin Nijeriya ya riga Arewa warware wannan ƙulli. Limamin Angilikan J. J. Ransome-Kuti na Abekuta ya tsara waƙoƙin ibada a kan raujin Yarbawa, har aka ɗauki muryarsa a faifai a Landan a 1922. A ƙasar Ibo, Ikoli Harcourt Whyte ya yi irin wannan aiki daga zangon kutare na Uzuakoli. Don haka mazauna Sabon Gari sun san waƙar majami'a mai sautin gida tun da wuri. Masu ibada da Hausa ne suka yi jinkiri.

Ta ƙofar mata

Ba ta kan mumbari raujin gargajiya ya shiga majami'un Hausa ba, ta tsakar gida ya shiga. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta kafu tun zamanin mishan kuma ta bazu a ECWA da majami'un TEKAN da na Katolika, ita ce ta buɗe ƙofar. Yawancin matan farko ba su yi karatun boko ba, littafi da do-re-mi ba su amfane su da kome ba. Sai suka koma ga abin da suka iya: jagora ta ba da baiti, sauran su amsa, kamar yadda ake yi a wurin daka da niƙa da gayya. Suka ɗauki labaran Baibul da gargaɗin zaman aure da na tarbiyya suka zuba a wannan tsari. Kayan kiɗansu ma sun kauce wa zargi, domin tulu ne na ƙasa da ake bugun bakinsa, da caki, da kuge. Tulu ba shi da tarihin fada, ba shi da na dodo, kayan ɗaki ne. Dattawan majami'a da za su hana ganga sun rasa hujjar hana tulu.

Bayan mata sai matasa. Yunƙurin wa'azi na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a farkon shekarun 1960, ya fitar da ƙungiyoyin mawaƙa zuwa kasuwanni da ƙauyuka, inda waƙa mai muryoyi huɗu ba ta tara jama'a. Rediyo ya ƙara wa abin ƙarfi. Gidan rediyon ELWA da SIM ta buɗe a Laberiya a 1954 yana watsa shirye-shiryen Hausa, haka ma Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta a Jos a watsa su daga Adis Ababa tun daga 1963 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Kaset ya karɓa daga nan. Waƙar da matan wani ƙauye suka ƙaga sai ta zama ta kowa cikin 'yan watanni.

A ɓangaren Katolika izini daga sama ya zo. Babban taron Batikan na biyu, wanda ya gudana daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takardar tsarin ibada ranar 4 ga Disamba 1963, kuma sashe na 119 na takardar ya umarci a ba kiɗan al'ummomin ƙasashen mishan matsayin da ya dace da shi a cikin ibada. Kafin nan ma an yi gwaji a Kwango, inda Fada Guido Haazen ya shirya Missa Luba a 1958, kalmomin Latin a kan raujin mutanen wurin. Da aka sauke Latin aka ɗauki harsunan gida, sai ganga ta shiga majami'ar Katolika da takardar izini a hannu, abin da 'yan'uwansu na ECWA suka daɗe suna jayayya a kansa.

Gargajiyar wa?

Duk wannan a wajen Kano ya faro. Masana'antu ne suka kawo shi Kano, kuma su ne suka ba shi wata kama ta daban. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu, tun ƙarshen zamanin Turawa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sa 'yan ƙabilar Ibo da yawa sun bar gari, guraben aiki suka buɗe wa 'yan Arewa, ciki har da waɗanda suka yi makarantun mishan a Gindiri da Kagoro da Garkiɗa. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, Sharaɗa da Challawa suka cika da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na kayan zaƙi. Ma'aikatan da suka zo ba su iya kuɗin hayar Sabon Gari duka ba, kuma harshen majami'un can ba nasu ba ne. Suka bazu a Birged da Tudun Wada da Dakata da Badawa a gefen Bompai, wasu kuma wajen Panshekara kusa da Challawa. Majami'u da dama suka raba ibada gida biyu, sashen Turanci da sashen Hausa.

A ƙauye, jama'ar majami'a ƙabila ɗaya ce, raujinta ɗaya. A sashen Hausa na Kano kuwa, mutumin Angas da na Birom da Bajju da Bura da Kilba da Tangale suna kan benci ɗaya. Ba wanda zai rera da harshensa sauran su amsa. Mafita ita ce kowa ya kawo raujin garinsu ya sa masa kalmomin Hausa. Ta haka aka sami wani nau'in waƙa wanda harshensa Hausa ne, amma sautinsa ba na ƙasar Hausa ba ne. Bakanon da ya wuce ta bayan irin wannan majami'a zai ji kalmomin da ya sani sarai, Allah da Ubangiji da zunubi da gafara da alheri da albarka, a cikin wani amo da bai taɓa ji a gidan biki ko a fada ba. Wannan ne ya sa kiran waɗannan waƙoƙi da sunan waƙoƙin gargajiyar Hausa kuskure ne, ko da yake ana yawan yinsa.

Hausawan asali da suka shiga Kiristanci, wato zuriyar Isawa da suka taru a wajen Miller da kuma Maguzawan karkarar Kano da Katsina da suka tuba daga baya, matsayinsu ya fi na kowa sarƙaƙiya. Su ne masu harshen, amma su ne 'yan tsiraru a sashen da ake kira da sunansu. Raujin da suka gada iri biyu ne, kuma kowanne da nauyinsa. Na garaya yana tuna musu da borin da suka baro. Na rubutacciyar waƙa, mai ƙafiya da kari, kunnen kowa ya riga ya san shi da wa'azin Musulunci da begen Annabi (SAW). Abin da ya rage musu mai sauƙi shi ne waƙoƙin aiki da na dandali, na noma da daɓe da gaɗa.

Lokacin da raujin gida ya isa teburin Jibi, bai isa da kayansa duka ba. Ya fara samun wuri ne a lokacin baiko, inda ake fita da rawa, da bikin godiyar kaka, da ɗaurin aure. A lokacin rarraba gurasa da ƙoƙo kuwa, al'adar majami'un da suka fito daga SIM da SUM ita ce a koma littafi, a rage kiɗa ko a tsayar da shi, a rera a hankali. Inda aka karɓi raujin gida a wannan gaɓa, an karɓi mai sanyi ne, wanda ya fi kusa da waƙar makoki ko ta reno, aka bar tulu yana bugawa ƙasa-ƙasa. Tsarin jagora da amshi ya dace da wurin ta wata fuska da littafi bai dace ba: mai tafiya a layi, ko mai jiran a miƙo masa ƙoƙo, hannunsa ba ya riƙe da littafi, amshi gajere kuwa a ka yake. A Katolika, inda ake yin wannan ibada a kowace Misa, buƙatar waƙoƙin ta fi yawa, don haka ƙofar ta fi faɗi. Majami'ar EYN ta 'Yan'uwa, wadda ta samo asali daga mishan ɗin Garkiɗa na 1923, tana haɗa nata Jibin da wankin ƙafa da cin abinci tare, tsarin da ya fi kama da zaman gida.

A daidai waɗannan shekaru Musulmin Kano suna tasu muhawarar, kuma tambayar iri ɗaya ce: shin sauti yana ɗauke da najasar inda ya fito, ko kuwa kalmomin da aka ɗora masa ne ke hukunta shi? Masu nazarin waƙa sun danganta karin Imfiraji ta Aliyu Namangi da kiɗan caji, wato malami ya ɗauki abin da jama'a ke so ya juya shi zuwa wa'azi. Shaihu Nasiru Kabara ya kare bandiri a zikirin Ƙadiriyya, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta yi inkarinsa. Daga baya wasu masu bege, irin su Ushaƙu Indiya, suka ɗauki raujin finafinan Indiya suka yabi Manzon Allah (SAW) da shi, malamai suka rabu a kan halaccin hakan. Ma'aikacin da ke sauraron bandiri daren Juma'a da abokin aikinsa da ke amshi da tulu ranar Lahadi, kowannensu yana da dattijo a gida da ke ce masa wannan sauti bai dace da wurin ibada ba.

Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, ga ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje, masana'antu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Rikice-rikicen Oktoba 1982 da Oktoba 1991, da hare-haren 20 ga Janairu 2012 waɗanda suka shafi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, sun sa iyalai da dama sun koma garuruwansu ko sun matsa zuwa unguwannin da suka fi jin aminci. 'Ya'yan waɗanda suka zauna sun tashi da Turanci da majami'un Fentikos, inda jita da ganguna na zamani da madannan lantarki suka mamaye kome. Wannan sabon kiɗa ya ture littafin mishan da tulun mata a lokaci guda, har dattawan da a ƙuruciyarsu aka zarge su da shigo da gargajiya cikin majami'a suka wayi gari su ne masu kare ta. A sassan Hausa da suka rage, Zumuntar Mata ce har yanzu ke riƙe da yawancin waɗannan karuruwa, kuma da ka take riƙe da su, domin kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa rubutawa da alamomin sauti.